Harshe da Jini: Sharhi a kan Binciken Kimiyya na Zamani Game da Asalin Harsunan Cadi

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1963 da Joseph Greenberg ya fitar da littafinsa a kan rabe-raben harsunan Afirka, akasarin masana ilimin harshe suka daidaita a kan cewa Hausa ɗaya ce daga cikin harsunan Cadi, su kuwa harsunan Cadi reshe ne na babban gidan Afro-Asiya, inda suke tare da harsunan Semitik irin su Larabci da Ibrananci, da harsunan Barbar irin na Buzaye, da tsohon harshen Masar, da harsunan Kushitik, sannan daga baya aka ware Omotik a matsayin reshe mai zaman kansa. Abin da ba a daidaita a kansa ba har yau shi ne inda masu magana da uwar harsunan Cadi suka fito, da lokacin da suka iso yankin Tafkin Cadi, da hanyar da suka biyo.

A da, wannan tambaya ta masana harshe ce da 'yan tarihi. Amma daga shekarar 2008 zuwa yau masana wasu fannonin kimiyya sun shigo cikinta da ƙarfi, musamman masu nazarin gadon halittar ɗan Adam, da masu tonon kufai, da masu nazarin yanayin zamanin da. Sakamakon bincikensu yana fitowa a manyan mujallu, daga nan ya gangaro jaridu, har ya iso bakin ɗalibanmu a matsayin magana yankakkiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wasu daga cikin waɗannan ayyuka da idon mai nazarin harshe, ta nuna abin da suka tabbatar, da kuma inda suka ɗora wa hujjarsu kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

2.0 Abin da Harshe da Kansa ya Nuna

Ya kamata a fara tuna cewa dangantakar Hausa da sauran harsunan Afro-Asiya ba a kan launin fata ko tatsuniyar ƙaura aka gina ta ba. An gina ta a kan ƙirar kalma da ƙananan kalmomin nahawu, waɗanda harsuna ba su cika aron su ba. Alal misali, wakilan suna na mallaka a Hausa, wato -ka da -ki da -ku, sun yi daidai da -ka da -ki da -kum na Larabci. Harafin t na nuna jinsin mace a ɓangarorin biyu. Tsarin nan na n ga namiji, t ga mace, n ga jam'i, wanda muke gani a na da ta da na, ko a gidan da rigar da gidajen, inda r ɗin rigar daga t ta samo asali, Greenberg ya nuna yaɗuwarsa a rassan gidan. Haka ɗafa-goshin ma- na mabuɗi da majema da maɗinki yana da takwara a miftahu da maktabu na Larabci. A ɓangaren kalmomi kuwa akwai mutu da suna, waɗanda ke da 'yan'uwa a Semitik, da huɗu wadda ke da 'yar'uwa a tsohon harshen Masar.

Paul Newman da Roxana Ma (1966) suka fara jera daidaiton sautuka tsakanin harsunan Cadi, sannan Newman (1977) ya kasa su gida huɗu: na Yamma, da na Biyu-Mandara, da na Gabas, da Masa. Hausa tana cikin na Yamma tare da Bolanci da Tangale da Angas da Ron, 'yar'uwarta ta kusa kuwa ita ce Gwandara. Wannan duka ya zauna daram. Sai dai kwatancin harsuna yana nuna wane ne ɗan'uwan wane, ba ya faɗin shekara. Hanyar da Morris Swadesh ya ƙirƙiro ta ƙidayar shekaru daga yawan kalmomin da harsuna biyu suka yi tarayya a kai, bisa zaton cewa kowane harshe yana zubar da kimanin kashi 14 cikin ɗari na kalmominsa na asali a shekara dubu, tun 1962 Bergsland da Vogt suka nuna rauninta. Saboda haka duk adadin shekarun da aka ba uwar harsunan Cadi kirdado ne na masani. Wannan batu zai dawo a gaba.

Game da hanya, ra'ayoyi biyu suka fi fice. Christopher Ehret yana ganin an gangaro ne daga arewa, aka ratso tsakiyar Sahara kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Roger Blench (1999) kuwa yana ganin makiyaya ne masu dangantaka da Kushitik suka taso daga gabas, suka biyo Wadi Howar ta ƙasar Sudan har zuwa tafkin.

3.0 Hujjar Jini

A shekarar 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa na birnin Roma suka buga wani bincike wanda tun daga takensa ya haɗa wata alamar gado da yaɗuwar harsunan Cadi. Alamar, wadda suka laƙaba wa R-V88, tana cikin ƙwayar gadon nan ta Y, wadda ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai, shi ma daga nasa uban. Sun gwada maza fiye da 1,800 daga al'ummomin Afirka 69. Abin mamakin shi ne R-V88 reshe ce ta zuriyar R1b, wadda ta fi yawa a yammacin Turai, ga ta kuma cunkushe a duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, inda ta kai kashi 95 cikin ɗari a tsakanin Uldeme, ta kuma haura kashi 80 a tsakanin Mada da Mafa. Dukkansu masu harsunan Cadi ne. An kuma same ta a wajen kashi ɗaya bisa huɗu na Barbar ɗin Siwa a Masar. Marubutan suka kimanta shekarunta tsakanin 5,600 da 9,200, suka ce wannan ya dace da ra'ayin Ehret.

Aikin gwajin kansa ba abin rainawa ba ne, kuma tarin wannan alama a kudancin tafkin gaskiya ce da ke bukatar bayani. Matsalar tana wajen fassara. Da farko, jadawalin binciken da kansa yana ƙunshe da abin da ke yi wa takensa gardama. Mundang, waɗanda harshensu na Adamawa ne a gidan Neja-Kongo, kashi biyu bisa uku na mazan da aka gwada a cikinsu suna ɗauke da alamar, wato sun fi Masa da Daba masu harsunan Cadi. Hausawan Nijeriya kuwa, waɗanda su ne mafi yawan masu magana da wani harshen Cadi a duniya, mutum 10 kacal aka gwada, aka sami alamar a jikin 2. Da wuya a ce mutum goma sun wakilci ko da unguwa ɗaya ta birnin Kano, balle Katsina da Gobir da Zazzau da Damagaram. Yawancin samfurin Cadi daga reshen Biyu-Mandara aka ɗebo shi, daga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da juna a kan duwatsu, inda auren gida da zaman ɗa a gidan ubansa kan sa zuriyar namiji ɗaya ta mamaye gari cikin 'yan ƙarnoni. Abin da aka gano zai iya zama tarihin wani yanki, aka ba shi sunan reshen harsuna.

Na biyu, akwai zagaye a cikin hujjar. Masana gado sun ɗauki shekara 7,000 ta Ehret kamar an auna ta da ma'auni, suka ga ta faɗo cikin tazarar da suka samu, wadda faɗinta ya kai shekara 3,600, suka ce an dace. Daga baya sai a ji wani mai nazarin harshe yana cewa ilimin gado ya tabbatar da shekarun Ehret. Kowane ɓangare ya jingina da ɗan'uwansa yana zaton bango ne. A tazara mai wannan faɗi, kusan duk ra'ayin da aka kawo zai sami wurin zama.

Na uku, ƙwayar Y kaka ɗaya take nunawa. Idan mutum ya koma baya zuriya goma, yana da gurabun kakanni 1,024, ɗaya tak daga cikinsu ne ya ba shi ita. Shekara ɗaya kafin aikin Cruciani, Viktor Černý da abokansa (2009) sun bi gadon da ake samu ta wajen uwa, suka sami wani reshe mai suna L3f3 a tsakanin masu harsunan Cadi, wanda saiwarsa ke gabashin Afirka, suka ce wannan ya dace da ra'ayin Blench. Ke nan iyaye maza sun nuna arewa, iyaye mata sun nuna gabas, kowane rukunin masu bincike kuma ya sami masanin harshen da zai kafa hujja da shi. A wannan shekarar dai Sarah Tishkoff da tawagarta, waɗanda suka duba gado ta ɓangarorin biyu a al'ummomin Afirka 121, suka ga masu harsunan Cadi sun yi tarayya mai yawa da masu harsunan Nilo-Sahara, abin da ke nuni da cewa jama'a da dama sun bar harshensu sun kama wani.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda binciken da ya biyo baya ya kwance wa na farko zani. Da aka sami dabarar ciro sinadarin gado daga tsofaffin ƙasusuwa, sai aka tarar da R-V88 a gawarwakin mafarautan zamanin dutse na yankin Balkan, da na manoman farko a Sifaniya, da kuma tsibirin Sardiniya. A 2018 rukunin Roma ɗin da kansa, a aikin da Eugenia D'Atanasio ta jagoranta, ya karkata ga cewa daga Turai alamar ta ƙetaro, kuma reshenta na kudu da Sahara bai kai shekara 6,000 ba. To, babu wanda ya taɓa kawo hujjar cewa an yi wani harshen Afro-Asiya a Balkan a wancan zamani. Idan haka ne, mazan da suka kawo alamar su ma sauya harshe suka yi a wani wuri a kan hanya. Alamar da aka kawo don ta nuna jini da harshe tafiya ɗaya suke yi, tarihinta ya nuna sun rabu aƙalla sau ɗaya. A shekarar 2018 ɗin dai Daniel Shriner da Charles Rotimi suka kawo wani ra'ayin na daban, cewa shigowar wannan zuriya ƙasar Cadi ta yi daidai da zuwan Larabawan Baggara, wato 'yan ƙarnoni kaɗan da suka wuce. Ko da ba a karɓi wannan ba, ya isa ya nuna cewa masu fannin ba su gama magana a tsakaninsu ba.

4.0 Kufai da Yanayi

Hujjar da ta fi tsayuwa da ƙafarta ita ce ta yanayi. An tabbatar cewa tsakanin kimanin shekara 14,500 da 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyawa da koguna, kuma Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Akwai saɓani kan yadda fari ya zo: nazarin laka na Tafkin Yowa a arewacin Cadi, wanda Stefan Kröpelin ya jagoranta (2008), ya nuna bushewa a hankali, alhali Armitage da abokansa (2015) sun ga babban tafkin ya janye da sauri wajen shekara 5,000 da suka wuce. Ko wanne ne, babban ɓangare na ƙasar da Kanuri da Kotoko ke zaune a kai yau a ƙarƙashin ruwa yake a lokacin.

Kufai ma sun yi magana. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da ke cikin Jihar Yobe a yau, ya haura mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000. A Gobero ta Jamhuriyar Nijar, Paul Sereno da tawagarsa (2008) sun bayyana maƙabarta mai kaburbura kusan 200, ta al'ummomi biyu mabambanta da wani dogon fari ya raba tsakaninsu. Sai dai kwalekwale ba ya faɗin sunan da masassaƙinsa ya kira shi da shi, kuma duk wanda ya ce mutanen Gobero Cadi suke yi ko Nilo-Sahara, ra'ayinsa ya faɗa.

Binciken da ya fi dacewa masana harshe su karanta da natsuwa shi ne wanda mujallar Nature ta buga a 2025 a kan gawarwakin mata biyu makiyaya daga kogon Takarkori a kudu maso yammacin Libiya, masu shekara wajen 7,000. An tarar zuriyarsu tsohuwa ce ta arewacin Afirka wadda ta daɗe a ware, ba ta gauraya sosai da ta kudu da Sahara ko ta Gabas ta Tsakiya ba, duk da cewa dabbobin da suke kiwo asalinsu daga wajen Afirka ne. Marubutan suka fahimci cewa kiwo ya yaɗu ne ta hanyar koyo daga maƙwabta, ba lallai ta ƙaurar jama'a mai yawa ba. Mutum biyu ba su isa a yanke hukunci a kan Sahara duka ba, kuma adalci ne a yi musu ƙorafin da aka yi wa Hausawa goma na sama. Amma idan sana'a sukutum za ta iya ƙetarawa daga al'umma zuwa al'umma ba tare da jini ya bi ta ba, harshe ma zai iya.

5.0 Wane ne Bahaushen da Aka Gwada?

A nan ne mai nazarin Hausa yake da abin faɗa wanda ɗakin gwaji ba shi da shi. Duk waɗannan bincike suna rubuta sunan ƙabila a jikin kwalbar samfuri kamar sunan wani abu ne da ba ya canzawa. Tarihin Hausa kuwa tarihin shigowa ne. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Jikokin waɗannan duka Hausa ce harshensu na farko a yau, haka ma ɗimbin Fulanin gida, da zuriyar bayin da aka tara a rumada a ƙarni na 19. Auyokawa da Shirawa da Teshenawa na ƙasar Haɗeja da Katagum sun bar harsunansu na Cadi sun koma Hausa. Mutanen Gamo-Ningi, waɗanda harshensu na Kainji ne a gidan Neja-Kongo, su ma haka. J.E.G. Sutton (1979) ya daɗe da bayyana kafuwar ƙasar Hausa a matsayin yaɗuwar harshe da al'ada daga gabas zuwa yamma, littafin da Anne Haour da Benedetta Rossi suka tace a 2010 kuma ya ƙara faɗaɗa wannan fahimta.

Wanda ke koyar da Hausa a kudancin ƙasar nan yana ganin abin da idonsa. A unguwannin Sabo, Babarbare da Banufe da Bazabarme da Buzu duk Hausawa ne a bakin masu gari, 'ya'yansu kuma da Hausa suke tashi, su kira kansu da sunan. Abner Cohen ya bayyana wannan tun 1969 a nazarinsa na Sabon Ibadan. Da mai ɗibar samfuri zai shiga irin wannan unguwa ya tambayi wanda ya yarda shi Bahaushe ne, zai cika kwalabensa, amma abin da zai auna tarihin fatauci ne na ƙarni ɗaya ko biyu.

Harshen ma ya ajiye shaidar wannan cuɗanya, kuma a jere. Greenberg (1960) ya nuna cewa karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Kanuri suka shigo. Maarten Kossmann (2005) ya tattara kalmomin da aka aro daga Barbar, irin su takobi da raƙumi. Carl Hoffmann, wanda ya koyar a Ibadan, ya tayar da batun tsofaffin kalmomin Binuwai-Kongo a harsunan Cadi tun 1970, kuma masana da dama na sanya biyu ta Hausa a wannan sahu. Kowane rukunin aro yana nuna da wa aka zauna, a kan wace harka, kuma sauye-sauyen sauti kan nuna wanne ya riga wanne. Ƙwayar Y ba ta da wannan dalla-dalla.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a yi sakaci da batun ba. A 1912 Carl Meinhof ya cusa Hausa da Fulatanci da Masai cikin abin da ya kira harsunan Ham, bisa tunanin cewa wasu fararen makiyaya ne suka shigo da harsuna masu jinsi cikin baƙar fata, C.G. Seligman kuma ya yaɗa wannan a 1930. Babban aikin Greenberg shi ne raba rabon harsuna da rabon launin fata. Masu binciken gado na yau ba su da wannan aƙida, kuma galibi suna sanya togaciya a rubutunsu. Amma togaciyar ba ta biyo labarin zuwa kasuwa. Abin da ke isowa shi ne wai kimiyya ta gano Hausawa daga Turai suke, ko wai wane Bahaushe ne na asali, wane kuwa ba shi ba ne. A ƙasar da ake rigima kan ɗan ƙasa da baƙo, irin wannan magana ba ta tsayawa a aji. Tatsuniyar Bayajidda aƙalla kowa ya san matsayinta. Wannan kuwa da rigar kimiyya take zuwa.

6.0 Gurbin da ke Namu

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan masana gado, domin abin da muka ba su shi suka ɗauka. Harsunan Cadi sun haura 150, amma waɗanda ke da cikakken nahawu da ƙamus ba su da yawa. Littafin saiwoyin kalmomi na Jungraithmayr da Ibriszimow ya fito tun 1994. Reshen Biyu-Mandara ya sami sabon gini a ayyukan Richard Gravina (2014) da Ekkehard Wolff (2022), Russell Schuh kuma ya bar aiki mai yawa a kan harsunan Yobe. Harsunan kudancin Bauci da na yankin Gera a ƙasar Cadi har yanzu da sauran aiki a kansu.

Gardamar Ehret da Blench kuwa da kalmomi za a iya rage ta. Newman ya maido da kalmar saniya a uwar harsunan Cadi da wani sauti na gefen harshe, wanda ya zama s a sa da saniya, ya zama sh a shanu, kuma Blench ya kwatanta ta da wata kalma a Kushitik. Idan aka tattara sunayen shanu da awaki da tumaki, da na kifi da kayan su, da na gero da dawa, daga dukkan rassa huɗu, aka tace na gado daga na aro bisa daidaiton sauti, za a san ko masu uwar harshen makiyaya ne ko masunta, da kuma maƙwabtan da suka fara cuɗanya da su. Sannan ne masanin gado zai sami abin da zai gwada sakamakonsa da shi wanda ba daga gare shi aka aro ba. Wannan aiki na sassan harsunan Nijeriya ne, kuma bai bukatar na'ura mai tsada, sai ɗalibi da abin ɗaukar magana da kuɗin mota. Sai dai masu ba da amsar suna ƙarewa, kuma Hausa ce ke maye gurbin harsunansu. Lokacin da Bernard Caron ya je neman harshen Luri a Jihar Bauci a farkon shekarun 2000, tsofaffi biyu ya tarar suna iya shi.